Bel Ɗin Hannu Da Na Kamfani: Shawarwarin Masu Dukanci

Bakin masu dukanci ya zo ɗaya a kan cewa a fara duba gefen bel don bambance na hannu da na kamfani. Na kamfani mai araha galibi ɓarɓashin fata ne da aka manne da gam, shi ya sa yake tsagewa a bakin huda. Na hannu kuwa falle ɗaya ne na kirgi, kaurinsa milimita 3 zuwa 4.

Mai koyo ya yanko daga gadon baya, don fatar ciki tana talewa. Huda biyar, tsakaninsu santimita 2.5, ta tsakiya daidai ƙugu. A fere inda za a naɗe kan bel, in ba haka ba sai ya yi tudu. Ɗinki da allura biyu, a goge gefe da kakin zuma. Man shafa wa fata kuma kaɗan, yawansa yana sa fata ta saki.