Neman kalma: wuraren ajiya a cikin gidan da mota ke ja

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kishin harshe. Akwai wani abu da Amurkawa ke kira travel trailer, mutanen Ingila kuma su ce masa caravan. Ɗaki ne a kan taya, ba shi da inji, sai an maƙala shi a bayan mota ta ja shi. A ciki akwai gado, murhu, firji, wurin zama da ɗan banɗaki, duka a faɗin da bai cika wuce mita biyu da rabi ba. Ina so mu tsayar masa da suna, amma abin da ya fi damuna shi ne sunayen wuraren ajiyar da ke cikinsa, da kuma sunan aikin shirya kaya a cikinsu. A nan ne kalma mara kyau za ta iya koya wa mutum aiki mara kyau.

Wasu daga cikinku sun riga sun kawo mini shawarwarin kalmomi, kuma su zan bi ɗaya bayan ɗaya. Mu fara sallamar sunan ɗakin kansa. Tirela ba za ta yi ba, domin duk wanda ya ji ta, doguwar motar kaya zai hango. Malamin da ya kawo ayari, Allah ya ƙara basira, hujjarka tana da tushe: caravan daga Farisanci ta fito, kuma ma'anarta ta asali ita ce ayarin matafiya. Sai dai ayari taro ne, ba a kiran abu guda da shi. Mu bar masa aikinsa. A 1959 Wally Byam, wanda ya kafa kamfanin Airstream mai ƙera irin waɗannan ɗakuna, ya jagoranci masu su daga Cape Town har zuwa Alƙahira. Wannan tafiyar ita ce ayari, kuma idan muka ba ɗaki guda sunan, me za mu kira su in sun jeru a hanya?

Tafi-da-gidanka kuwa, in ana batun cancanta, wannan ɗaki ya fi wayar salula cancantarta nesa ba kusa ba. Matsalarta ɗaya ce: ta haɗa da irin wanda ke da injinsa da sitiyarinsa, wanda ake tuƙawa kai tsaye. Don haka nake ganin mu bar ta a matsayin uwa, ta rufe dukkan nau'o'in, wanda ake ja kuma mu ce masa ja-gidanka. Ginin ba baƙo ba ne, ga ja-gora ga ja-gaba. Kuma ja shi ne asalin abin tun kafin mota: wanda wani likita ɗan Sikotilan, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa a 1885 don yawon shaƙatawa, dawakai ne ke jan sa. Wanda ya ce a kira shi ja-ni-talau, na ji daɗin sautin, amma kalmar tana ɗauke da raini, kuma akwai iyalan da wannan ɗaki shi ne gidansu shekara da shekaru.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙa.

A gidan da ke kafe a ƙasa, in ka ajiye abu, ka ajiye shi ke nan. Tulin littattafai a kusurwa ba ya canza yadda gida ke tsaye. A ja-gidanka kuwa, kowane cokali da ka saka yana da aiki biyu: da daddare kayan ɗaki ne, da safe in an kama hanya ya zama lodi. Inda ka sa shi yana shafar yadda ɗakin zai bi motar. Shi ya sa ba na son kalmar ma'ajiya ita kaɗai ta ɗauke mana komai. Ajiya tana sa zuciya ta kwanta, tana nuna abu ya samu wurin hutawa. Kayan da ke gudun kilomita 90 a awa a bayan mota ba hutawa suke ba.

Ku duba jikin kowane ja-gidanka na zamani, za ku ga wata 'yar takarda ko faranti da masana'anta suka manna. Tana faɗin iyakar nauyin da aka yarda ɗakin ya kai da komai da komai. In ka cire nauyinsa wayam daga wannan adadi, abin da ya rage shi ne rabonka na kaya, kuma sau da yawa ya fi ƙanƙanta da abin da ido ke tsammani in ya ga yawan lokoki. Ruwa ma yana ci daga ciki: lita ɗaya kilo ɗaya ce, tanki mai lita 150 in an cika shi ya cinye kilo 150 kafin a saka ko da tukunya. Wato wuri yana iya saura alhali nauyi ya ƙare. Wannan rabo ni iyakar lodi nake kiransa, kuma ban ga abin da za a yi gardama a kai ba.

Babban wurin ajiya a yawancin na Amurka yana gaba ne, a ƙarƙashin gado, amma daga waje ake buɗe shi. Yana ratsa faɗin ɗakin gaba ɗaya, ƙofa ta dama ƙofa ta hagu, har in ka buɗe duka biyun ka durƙusa za ka hango haske ta ɗaya gefen. Pass-through suke ce masa. Nan ake zuba kujerun naɗewa, tabarmar waje, wayar lantarki, katakan daidaita taya, akwatin sifana. Sunaye uku aka kawo mini: rumbu, taska da but.

Malam, rumbu da ka ba da shawara ina ganin zai cuce mu. Rumbu ana yabonsa ne in ya cika maƙil, kuma iri ɗaya ake zuba masa. Wannan wuri kuwa in ya cika maƙil ya lalace: abin da kake nema yana tsakiya, sai ka fito da rabin kayan a bakin titi kafin hannunka ya kai. Masu amfani da shi sukan jera robobi masu murfi waɗanda ake ganin cikinsu, kowace da irin kayanta, abin da ake buƙata da an tsaya yana bakin ƙofa. Wasu ma har faranti mai zamewa suke sa wa a ƙasa, a jawo shi waje kamar durowa.

Hajiya, taska kalma ce mai kyau, kuma na so ta. Amma taska wurin abu mai daraja ne, abin da ake ɓoyewa ba a yawan taɓawa. Ba na jin bakin mutum zai yarda ya ce ya jefa tiyo mai laka a taska.

Ɗan'uwa direban da ya ce kawai a ce but, kai ka fi mu gaskiya. Kowa ya san but, kuma da an ambace shi an san a jikin abin hawa yake, an san kayan ciki za su yi tsalle in an faɗa rami. Abin da zan ƙara shi ne siffarsa. Muna cewa lungu mai ɓullewa, to wannan but mai ɓullewa ne. Wani ya ce but mai baki biyu, amma baki biyu ba yabo ba ne a Hausa, mu bar shi. Na san akwai masu ƙyamar kalmar aro in ana irin wannan aiki. Ni a ganina kalmar da ta shekara da shekaru a bakin direbobi da fasinjoji ta riga ta zama 'yar gida, kuma ta fi sabuwar ƙirƙira da ba wanda zai furta.

Na ciki ba su da wahala sosai. Waɗanda ke manne a bango kusa da rufi, lokar sama. Ban ce kanta ba, don kanta a buɗe take, kuma abin da ke buɗe a ja-gidanka ƙasa zai kwana. Loka tana da murfi da maƙulli, kuma maƙullin ne rabin amfaninta. Duk da haka murfi ba ya hana kaya motsi a ciki. Bayan tafiyar awa uku a hanya mai gargada, kofunan da ka jera a can ƙurya sun taho sun jingina da murfin, kana buɗewa su zubo maka a ƙirji. Maganin da aka saba yi shi ne a shimfiɗa roba mai kama abu a ƙasan lokar, sannan a gitta 'yar sanda mai sifirin a bakinta, irin wadda ke tokare bango da bango ba tare da ƙusa ba. Wannan sanda tokara ce, ba sai mun nemo mata wani suna ba. Kuma lokar sama ta kaya marasa nauyi ce: tufafi, tawul, kwanukan roba. Gwangwanaye da tukwanen ƙarfe ƙasa za su, kusa da taya, domin nauyi a sama yana ƙara wa ɗakin saurin karkata a kwana.

Bencin wurin cin abinci, wanda ake ɗaga mazauninsa a samu rami a ciki, benci mai adaka ya dace da shi. Haka ma gado mai adaka, wanda in ka ɗaga katifa da katakonta wasu sanduna biyu masu iska ke riƙe shi a sama. Abin lura a nan: ba duk ramin da ka gani ne naka ba. A cikin wasu akwai famfon ruwa, ko hitar ruwa, ko na'urar da ke cajin batir, kuma suna buƙatar iska. Cusa bargo a kansu neman gobara ne. Haka wurin tukunyar gas, in a rufe yake za ka ga huji a ƙasansa, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake bi. Wannan wuri ba a mayar da shi ma'ajiya, ba a toshe hujin.

A gefe guda, ga masu son buga ƙusa su rataya abubuwa: bangon ja-gidanka falanki ne siriri, bayansa kuma wayoyi da bututu ke wucewa. Maratayi mai gam ya fi aminci, ko jaka mai aljihuna da ake ratayawa a bayan ƙofa.

Saura kalmar da ta fi kowacce nauyi a wannan zance. Gaban ja-gidanka yana danna ƙugiyar da ke bayan mota da wani kaso na nauyinsa. Amurkawa da harshe suke siffanta wannan gaba, mutanen Ingila da hanci. In muka fassara kai tsaye muka ce nauyin harshe, mai sauraro zai ɗauka ana maganar wanda magana ke yi wa wuya. Nauyin hanci kuma sai a zaci mura. Ina ba da shawarar dannin goshi. Goshi mun saba ba gaban abin hawa, danni kuma yana faɗin ainihin abin da ke faruwa, ƙarfi ne da ke sauka a kan ƙugiya. A Amurka ana so ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ɗakin da kayansa, wato mai kilo 2,000 ya danna da kilo 200 zuwa 300. A Ingila, inda ƙirar ta bambanta, kashi 5 zuwa 7 ake ba da shawara. In ka tara kaya masu nauyi a can baya, dannin goshi ya ragu, sai ɗakin ya fara tangaɗi, dama hagu dama hagu, kuma gudu yana ƙara masa ƙarfi har ya iya fizgar motar daga hanya. In kuma ka jibge komai a but mai ɓullewa don ka ga yana da faɗi, bayan motar ya durƙushe, tayoyin gabanta su rage kama ƙasa, sitiyari da birki su yi rauni. Shi ya sa ake cewa kimanin kashi 60 na kaya su kasance gaba da taya, masu nauyin cikinsu a ƙasa kuma kusa da tayar, dama da hagu su yi daidai. Ido ba ya auna wannan, sikeli ake hawa.

Duk wannan ne ya sa ban yarda da jere a matsayin sunan aikin ba, ko da yake mutum biyu sun kawo ta. Jere don ido ake yi, a ga kyau. Shiri ta yi faɗi da yawa, komai ana shirya shi. Lodi ita kaɗai kuma ta manta cewa mutane za su kwana a ciki, za su nemi buroshi da asuba ba tare da sauke komai ba. Kimtsi ya fi kusa, don wanda ya kimtsa ya tattara, ya ɗaure, yana jiran tashi. In aka haɗa su aka ce kimtsin lodi, an riƙe ɓangarorin biyu. Ku gwada a baki: "Mun gama kimtsin lodi, saura a duba dannin goshi." "Kar ka sa janareta a baya, zai ɓata kimtsin lodi." Ni dai bai yi mini tuntuɓe a harshe ba.

Akwai guda ɗaya da ban tsayar ba, kuma ina so masu aikin famfo da makanikai su sa baki. A yawancin na Amurka bamba, wato abin kare karo da ke bayan ɗakin, ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, cikinsa kogo, da murfin roba a kowane gefe. A ciki ake zura tiyon da ake zubar da ruwan banɗaki da shi, don kada ya taɓa haɗuwa da tiyon ruwan sha. An kawo kube, an kawo gidan tiyo, an kawo kogon bamba. Ni kube ya fi kwanta mini, saboda dogon abu ake zurawa a zare, amma ina tsoron in an ce kube kawai ba za a gane na ƙazanta ba ne, wani ya zura tiyon sha a ciki. Wanda ke da kalmar da za ta faɗi siffa kuma ta yi gargaɗi a lokaci guda, ya kawo ta.