Neman shawara: ina son ƙafata ta riƙa sauya muryoyin ampuli duka huɗu

Assalamu alaikum 'yan uwa makaɗa da masu gyara. Ina kaɗa jita a wata ƙaramar ƙungiya a nan Garwa, bukukuwa muke yi, wani lokaci a kira mu har Gidar ko Figil. Ampulina, wato na'urar ƙara sautin jita, Marshall DSL40C ne, na hannu, yayana ya aiko min daga Duwala. Mai fitila ne, wato kwalaben gilashin da ke ƙara sauti, wat 40, da fitilu EL34 biyu da ECC83 huɗu. Kanal biyu gare shi, amma kowanne murya biyu yake da ita: na farko Clean (murya tsab) da Crunch (mai ɗan kaushi), na biyu Lead 1 da Lead 2 (masu kaushi sosai). To fedal ɗin ƙafa maɓalli biyu ne kawai, ɗaya na sauya kanal, ɗaya na amsa-kuwwa. Clean zuwa Crunch sai da yatsa a fuskar ampuli.

In muna cikin kiɗan makosa murya tsab nake so. Da an juya kiɗa, mata sun miƙe, ina son Crunch nan take, kuma mai ganga ba ya jiran kowa ya juya baya ya danna maɓalli. Shin ana iya buɗe shi a ƙara wani abu yadda ƙafa za ta yi wannan aikin? Na ɗan iya liƙi da dalma, ni nake gyara wayoyin jitarmu.

Wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin, Marwa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ana yi, amma gyaran wayar jita daban, cikin ampuli mai fitila daban. Manyan kondansa masu ajiye wuta da ke ciki suna ɗaukar fiye da bolt 400, kuma suna iya riƙe wutar bayan ka kashe ka zare fulogi. Sai an zubar da ita ta rezista, a sa mita a ga ta sauka, sannan a taɓa. In ba ka taɓa yin haka a gaban wanda ya iya ba, kada ka fara kai kaɗai.

Aikin kansa ba wani sirri ba ne. Maɓallin da kake dannawa da yatsa, rile ake sawa a gurbinsa, wato maɓallin da wuta ke kunnawa, ƙarami mai ƙafa takwas irin Omron G5V-2 na bolt 12. A dasa shi daf da inda maɓallin yake, wayoyin sauti su zama gajeru. Abin da zai bi doguwar waya zuwa ƙafarka wutar kunna rile ce kawai, sauti ba ya fita ko'ina. A kan nadin rilen a sa diyod 1N4148 a juye, don ya shanye wutar da ke dawowa in an saki. Kuma a haɗa shi yadda in ka manta fedal a gida ampuli zai zauna a Clean abinsa.

Kada wani ya sayar maka da rilen da aka ciro daga tsohuwar na'urar daidaita wutar lantarki. Wancan na babbar wuta ne, ƙaramin sautin jita yakan shaƙe a bakinsa, balle ƙurar hunturu ta samu shiga.

Wani mai jita, Injamena:

Baba ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Amma abokina, akwai abin da za ka tarar bayan ka kashe kuɗinka. Dubi fuskar ampulin: Clean da Crunch, Gain (maɓallin kaushi) ɗaya da Volume (maɓallin ƙara) ɗaya suke rabawa. Yanzu ba ka damu ba saboda duk sanda ka danna da yatsa, hannunka na wurin, kana rage ƙara ba tare da ka lura ba. Ran da ƙafa ta karɓi aikin, hannu yana kan jita. Ka saita Clean daidai da mawaƙi, ka taka, Crunch ya fito kamar an buɗe ƙofar injin niƙa. Mawaƙi zai harare ka, mai kula da na'ura ya zage ka a zuci. In ka saita Crunch daidai kuma, Clean ya ɓace a ƙarƙashin ganga.

Ni abin da nake yi, ina barin kanal na farko a Crunch, Gain ƙasa-ƙasa, in rage ƙarar jita da ɗan yatsana zuwa wajen 5 ko 6. Murya tana wankewa sosai. In buɗe ta zuwa 10, ga Crunch. In taka fedal, ga Lead. Murya uku ke nan ban kwance ko ƙusa ɗaya ba. Gwada wannan a wajen atisaye kafin komai.

Wani matashi, Ngawundare:

Yaya, sayar da shi kawai ka nemi DSL40CR da ya fito a 2018. Shi akwai fedal mai maɓalli shida da ake saya masa daban, yana kai ka duk muryoyin huɗu, ga Master (babban maɓallin ƙara) biyu, ga MIDI na sarrafa shi daga wata na'ura.

Mai jitan Injamena:

Ƙanena, a wace kasuwa? Ka lissafa kuɗin kaya, da na mota daga Duwala, da na duwan, wato kwastan? Biki nawa zai kaɗa kafin ya mayar?

Wata mai kiɗan fiyano a coci, Kusiri:

Malam, ni ba mai gyara ba ce, amma mai jitanmu fedal ɗin daidaita sauti Boss GE-7 ya sa a ramukan fitar sauti da dawowarsa, Send da Return, na bayan ampulinsa. Yana sauke Level ɗin fedal ɗin kaɗan, in murya ta yi yawa ya taka ta sauka, in zai yi solo ya sake takawa ta dawo. Naka ma yana da ramukan, da ɗan maɓallin kunna su a baya. Sannan tunda da janareta kuke kiɗa a ƙauyuka, duk abin da za a ƙara a ciki ka tambaya daga ina zai sha wuta.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na gwada dabarar rage ƙarar jita, ta yi, sai dai muryar tana ɗan dushewa, ba ta da kaifin da nake so a makosa. Baba, in an sa rilen, akwai yadda za a yi da tsallen ƙarar nan? Kuma batun wutar da Madam ta kawo fa?

Dattijon Marwa:

Dushewar nan ba laifin ampuli ba ce, a jitar take. Ƙaramin kondansa na pikofarad 1000 tsakanin ƙafar shiga da ta tsakiya a kan maɓallin ƙarar jita yana riƙe kaifin in ka rage. Wannan kai ma za ka iya liƙawa, ba wutar da za ta kama ka a can. Fara da shi.

In har yanzu ranka na kan rile, to biyu za a sa, ba ɗaya ba. Na biyun ya shigo da ƙaramin maɓallin ƙara wanda ke aiki a Crunch kaɗai, a saita shi sau ɗaya a bar shi. Wutarsu kuwa, wasu suna ɗiba daga bolt 6.3 na ɗumama fitilu, ni ba na so, yana jawo gurnani a lasifika. Adafta ta bolt 12 daban ta fi min kwanciyar rai. Za ka iya jin "ɗas" lokacin sauyawa, rezista mai megom 1 zuwa ƙasa a inda ya dace yakan rage shi, amma inda ya dacen sai na ga taswirar ampulin da idona, in ƙirga ƙafafun maɓallin. Kuma ka sani, da an huda bayansa don sabon jak na jona waya, farashinsa ya faɗi in ka tashi sayarwa.

In za ka kawo shi Marwa, cire EL34 ɗin biyu ka naɗe su a tsumma, ka sa alamar ramin da kowacce ta fito, kada a ɗora shi a saman mota cikin rana. Ka zo da jitar da fedal ɗinka, ban da ranar Juma'a.