Muhawara: Shin tsige Bishop Colenso daidai ne?

Rabaran: Ra'ayina shi ne Bishop Robert Gray na Cape Town bai yi kuskure ba da ya tsige John Colenso daga kujerar bishop na Natal, a Afirka ta Kudu, a 1863. Mutumin da aka naɗa bishop a 1853 aka tura shi wa'azi cikin Zulu, sai ga shi a 1862 ya buga littafi yana cewa ba za a ɗauki labaran Attaura a matsayin tarihi ba. Idan makiyayi ya daina amincewa da abin da yake koyarwa, ya kamata ya ajiye sanda.

Malamar tarihi: Ranka ya daɗe, a duba inda shakkar ta samo asali. Suna cikin fassarar labarin ruwan tsufana zuwa harshen Zulu ne, mataimakin Colenso Bazulu, William Ngidi, ya tambaye shi ko da gaske ya yarda cewa jirgin Nuhu ya ɗauki dukan dabbobin nan da abincinsu. Colenso, wanda masanin lissafi ne daga Cambridge, ya ƙi ba shi amsar da shi kansa bai gamsu da ita ba. Sai ya zauna ya ƙirga Isra'ilawan da Attaura ta ce sun fita daga Masar: mayaƙa fiye da 600,000, wato jama'a wajen miliyan 2, ta yaya za su taru a ƙofar alfarwar sujada, kuma ta yaya Haruna da 'ya'yansa biyu za su iya da hadayunsu duka?

Rabaran: Malama, ai ba a auna Littafi Mai Tsarki da allon lissafi.

Ɗalibin shari'a: Baba Rabaran, a gafarce ni, ko da an karɓi wannan, hukuncin bai tsaya ba. A 1865 majalisar shari'a ta Sarauniya a Landan ta ce Gray ba shi da hurumin tsige shi, shi ya sa Colenso ya ci gaba da riƙe kujerarsa har rasuwarsa a 1883.

Malamar tarihi: Kuma tun kafin littafin Turawan mishan suke jin haushinsa, domin ya ce kada a tilasta wa mai mata da yawa ya saki sauran kafin a yi masa baftisma. Daga baya ya tsaya wa Langalibalele, sarkin ƙabilar Hlubi, da Cetshwayo, sarkin Zulu, a gaban gwamnatin mulkin mallaka, Zulu kuwa suna kiransa Sobantu, uban jama'a.

Rabaran: Ban musa jarumtakarsa ba, Malama, amma koyarwarsa aka gurfanar a 1863, shari'ar Langalibalele kuwa sai 1874 ta zo.