Wane injin wasa wuƙa ya dace da mai ƙaramar sana'a?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina wasa wa mahauta da masu tsire wuƙaƙe a kan dutse a bakin kasuwar unguwarmu a Kano, amma da zarar Babbar Sallah ta ƙarato sai wuƙaƙen layya su taru har hannu ya gaza, wasu su gaji da jira su kwashe nasu. Na yanke shawarar sayen inji, kuma wani abokina ya ce in ɗauki injin gurza ƙarfe na kan teburi irin na masu walda domin ya fi araha. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, da wannan injin nake cin abinci, amma ba zan ce ka ɗora masa wuƙar mahauci ba. Dutsensa yana juyawa kusan sau 2,900 a minti ɗaya, bakin wuƙa kuwa siriri ne, nan da nan yake ɗaukar zafi. Idan ka ga bakin ya yi shuɗi, to zafin ya kai wajen digiri 300, ƙarfen ya saki taurin da aka ba shi, wuƙar za ta yi kaifi a hannunka amma ta dakushe kafin a gama fiɗar rago ɗaya. Adda da gatari ne suke jure masa, su ma sai ana tsoma su a ruwa.

Amsa ta biyu:
Ɗan'uwa, nemi mai dutsen da ke wanka a ruwa yana juyawa a hankali. Tormek T-8, ƙirar Suwidin, faɗin dutsensa milimita 250 ne, yana juyawa sau 90 a minti, kuma wat 200 kawai yake ja, don haka ƙaramin janareta ma zai ɗauke shi ranar da babu wuta. Aibinsa biyu ne: tsada, da jinkiri a kan wuƙar da bakinta ya gutsure. Akwai irinsa ƙirar Sin masu rahusa, sai dai ka sa a kunna maka a shago ka duba ko dutsen yana layi. Ka riƙa zubar da ruwan idan ka tashi aiki, kada dutsen ya kwana a ciki.

Amsa ta uku:
Ina girmama ra'ayin Malam na sama, amma mai layin wuƙaƙe a jajiberin Sallah ba zai iya jiran dutse mai sau 90 ba. Ni inji mai bel ɗin yashi, wato ɗamara mai yashi-yashi da ke zagayawa, nake amfani da shi: mai kaushi ya gyara baki, mai laushi ya fitar da kaifi, sannan in goge a kan fata. Shi ma yana ƙona wuƙa idan aka danne ta, hannu mara nauyi yake so. Kafin ka biya, ka tabbatar ana samun bel ɗinsa a kusa, kuma ka karanta rubutun jikin injin, domin na Amurka na bolt 120 ne, wutarmu kuwa 230 ce.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Almakashin teloli fa, shi ma bel ɗin zai yi masa?