Wane irin hinjis ya kamata in sa wa ƙofar falo?

Uwar Gida:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku taimaka min, ƙofar falonmu ta katako ce mai nauyi sosai, yanzu ta fara jan ƙasa sai an ɗaga ta kafin ta rufu, ga ƙara kamar me. Hinjis biyu ne a jiki. Canza su zan yi ko ƙofar ce ta lalace?

Baban Kafinta:
Wa alaikumus salam hajiya. Ƙofar lafiyarta ƙalau, hinjis ɗin ne suka yi mata kaɗan. Ƙofa mai tsawon mita 2 in katako ne zalla guda 3 ake sa mata, masu inci 4, kaurin ƙarfen ya kai milimita 3, guda biyu ƙanana ai na ƙofar ɗaki ne marar nauyi irin ta filawud mai rami a ciki. Kuma ki nemi masu boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfe, a tsakani, su ne ba sa cinyewa da wuri kuma ba ƙara. Na saman nan shi ya fi wahala don nauyin ƙofar kullum fizgo shi yake daga firam, shi ya sa in kin duba za ki ga sukurorinsa ne suka fara sakewa. A sa na sama kamar inci 6 daga kan ƙofar, na ƙasa inci 9 ko 10 daga ƙasa, na ukun a tsakiya ko a matso da shi sama kaɗan.

Ɗan Gini:
Gaskiya ne baba, amma ni abin da yake ban haushi sukurun da ke zuwa a cikin kwalin, gajeru ne wallahi ba sa kama komai. A sa dogaye musamman a na sama. In ramin ya riga ya buɗe a cusa ɗan katako da gam ya bushe tukuna, kar kafinta ya ce zai buga ƙusa a wurin, in ya fara ki hana shi.

Uwar Gida:
To na gode sosai. Na banɗaki fa? Shi ma duk ya yi tsatsa.

Baban Kafinta:
Nan kam sitenles, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, za ki sa, mai lamba 304, ko na tagulla. Baƙin ƙarfe da aka yi wa fenti ba ya jure danshi. Sukurun ma su zama sitenles, in ba haka ba su za su fara tsatsa su ɓata jikin ƙofar.

Mai Walda:
Ƙari kaɗan, in ƙofar zuwa waje take buɗewa ki lura da sandar tsakiyar hinjis ɗin, don ta waje take fitowa, akwai wadda ake bugowa ta fita, ɓarawo zai cire ƙofar gaba ɗaya bai taɓa makulli ba. Ki ce a ba ki wanda sandarsa ba ta fita.