Na maƙale a ɗakin Garrador biyu, a taimaka

Salamu alaikum 'yan uwa. Bayan wata takwas na sake kunna wasan bidiyon nan Resident Evil 4, sabon da Capcom ta fitar a 2023, sai na tarar hannuna ya manta komai. Inda na tsaya kuwa babi na 10 ne, ɗakin nan mai Garrador biyu, makafin nan masu farata da ke bin sauti.

Na san lagonsu na gadon baya, amma da na lallaɓa sai mabiyan tsafin nan su tona min asiri. Harsashina bai fi goma ba, wuƙar Leon, jarumin wasan, ma ta karye. Sau tara ana kashe ni jiya, har maiɗakina ta fara dariya.

Don Allah wa zan fara kashewa? Ko in koma inda na ajiye wasan a baya in gyara wuƙar wajen ɗan kasuwa?