Wai man fetur ne ke narkar da fiston babur ɗin ƙanƙara mai turbo?

Oga Bala: Salamu alaikum jama'a. Abin nan ya ishe ni. Sanyi bai gama kankama a Kanada ba, har an fara jera baburan ƙanƙara (abin hawa ne mai sulɓi a kan ƙanƙara) masu turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, a garejoji da narkakken fiston, kuma amsar masu gyara ɗaya ce kamar sun haɗa baki: "mai ne ba shi da kyau." A canza fiston da ringi, a karɓi kuɗi, mutum ya koma kan dutse, kafin sati biyu a dawo da babur a kan tirela. Ni dai na ce yawancin ɓarnar nan ba lalacewar mai ba ce, mai ne ba ya isa silinda lokacin da turbo ya cika iska. Duk wanda bai ɗaura geji a layin mai ya danne totur har ƙarshe ya ga yadda allura ke yi ba, bai binciki komai ba, canjin kaya kawai ya yi.

Injiniya Hadiza: Wa alaikumus salam. Oga, tun daga kalmar "narkakke" aka bar hanya. Ba kowane mataccen fiston ne ya narke ba, kuma kowace mutuwa da irin tabonta. In ka ga gefen saman fiston ya yi ƙananan ramuka kamar an watsa masa yashi, katangar da ke riƙe ringi ta karye, wannan nokin ne, wato fashewar fetur da ƙarfi a cikin silinda maimakon ya ƙone a tsanake, duka ya sha. In rami ne ya huda tsakiya, wuta ce ke kamawa kafin filogi ya ba da tartsatsi. In bakin da ke kallon salansa ne ya zube kamar kyandir, shi ne haɗin fetur da iska ya tsinke, iska ta fi ƙarfin mai, kuma shi kaɗai zan yarda a kira narkewa. Zane a kusurwa huɗu na jikin fiston kuwa, an ba inji wuta ne bai ɗumama ba, fiston ya riga silinda buɗewa ya cije.

Maigida Tanko: Injiniya, kin cika son rarrabe gashi. Alminiyam zalla a digiri 660 yake narkewa, na fiston da aka haɗa da silikon ma yana fara sakin jiki tun wajen 577. Wutar da ke cikin silinda ta ninka haka, abin da ke kare fiston wani siririn mayafin iska ne da ke kwance a samansa. Nokin ne ke yaye mayafin, zafi ya taɓa ƙarfe kai tsaye. Ciro filogin injin da ya yi nokin ki duba farin kaskon, za ki ga ɗige-ɗigen alminiyam kamar an barbaɗa barkono. Daga ina suka zo in ba narkewa aka yi ba?

Injiniya Hadiza: Maigida, wannan ƙarshen labari kake faɗa, ni farkonsa nake nema. In ka rubuta "ya narke" a takardar aiki, yaron da zai haɗa injin zai ƙara mai ya tafi, alhali matsalar oktan ce, wato juriyar fetur ga nokin, ko taimin, lokacin tartsatsin filogi, ya yi gaba.

Maigida Tanko: To ƙara mai ai yana sanyaya silinda, yana rage nokin ɗin. Kin ga mun dawo wuri ɗaya.

Injiniya Hadiza: Yana rufe shi dai. Ranar da aka wayi gari da sanyin digiri 30 ƙasa da sifiri, iska ta fi ta ranar sifiri nauyi da kusan kashi 12 cikin ɗari, sai nokin ɗin ya dawo.

Malam Sani: Ku dakata. Shi Oga da ya ce "mai", wanne yake nufi, fetur ko man shafawa na tu-sitirok, injin da ke ƙona man shafawarsa tare da fetur? Don in famfon man shafawa ya ja iska ko tiyonsa ya lanƙwashe, zanen yana zagaye jikin fiston ne har ɓangaren da haɗi ke shigowa, saman kuwa lafiya lau. Duk wanda ya taɓa manta zuba mai a fetur ɗin ƙaramin janareta ya san wannan fuskar. Ƙanƙara ma in ta bi ta akwatin iska tana wanke man daga bango, ta bar zane a ɓangaren shiga kaɗai.

Oga Bala: Fetur nake nufi, Malam. Ai a bayyane yake.

Garba Mai Sifana: Duk wannan wahalar masu tu-sitirok ce. Inji mai fiston da ake shafa wa mai ta hanyar ƙona shi, sannan a ɗora masa turbo? Yamaha Sidewinder tun 2017 yake, silinda uku, cc 998, fo-sitirok, baƙin mansa na cikin tankinsa. Injin nan ne a cikin Thundercat na Arctic Cat. Ku sayi inji ku huta da karatun tabo.

Usman Kebek: Garba, kai da Yamaha kamar uwa ɗaya uba ɗaya. To sun daina ƙera babur ɗin ƙanƙara bayan samfurin 2025, sai ka nemi wata uwar. Kuma hau wancan nauyin ka shiga ƙanƙara mai zurfi a duwatsun Revelstoke na Kanada mu gani. Masu ƙera baburan Ski-Doo da suka fito da injin tu-sitirok 850 E-TEC Turbo a 2020 ba hauka suka yi ba. Matsin iska a bakin teku psi 14.7 ne (psi ma'aunin matsi ne), a tsayin ƙafa 8,000 ya koma wajen 11. Psi 4 ɗin da turbo ke ƙarawa mayar da abin da dutse ya ƙwace ne kawai, don ƙarfin inji na doki 165 ya zauna yadda yake. Fiston bai ga wani nauyin da bai saba gani a ƙasa ba.

Garba Mai Sifana: Kamfanin Polaris fa, da injinsu mai turbo Patriot Boost ke kai wa psi 9?

Usman Kebek: Wannan ka tambayi mutanen Polaris. Kuma fo-sitirok ɗinka ma in aka taɓa masa kwamfuta aka ƙara iska a kan fetur mai oktan 87, katangar ringi yake karyawa kamar kowa.

Hajiya Rabi: Tunda an ambaci 87, bari in ce wani abu, don Oga ya wanke fetur da yawa. Injinan nan 91 suke so a lissafin famfon Amurka da Kanada, wanda ya yi daidai da wajen 95 a lissafin Turai. A wasu jihohin duwatsu irin su Kolorado har 85 ake sayarwa. Sannan ga fetur mai etanol kashi 10 da ya kwana a tanki tun bara. Etanol yana jan ruwa, in ya ƙoshi sai su rabu, ruwa da etanol su kwanta a ƙasa inda famfo ke zuƙa, fetur ɗin da ya rage a sama kuma oktan ɗinsa ya faɗi. Gwajin ba wuya: zuba ruwa mililita 10 a kwalba mai ma'auni, ƙara fetur 90, girgiza, bar shi ya kwanta. In layin ruwa ya haura, akwai etanol. In kuwa ka zuƙo daga gindin tanki ka ga ya rabu gida biyu da kansa, zubar da shi.

Maigida Tanko: Hajiya ta gama magana. Ƙarancin oktan, nokin, narkewa.

Injiniya Hadiza: Nokin, karyewa. Kuma ga shaida: in haɗi ya tsinke, gejin zafin salansa hawa yake yi. In nokin ya fara, sau da yawa sauka yake yi, don zafin ya shige fiston da kan silinda, sai ka ga na ruwan inji ne ke hawa. Abu biyu da geji ke nuna wa hanya biyu ba za su ci suna ɗaya ba.

Oga Bala: Jama'a ku dawo kan geji mana. A injin da aka ɗora wa turbo daga baya, injekta na fesawa ne cikin iskar da ke tura shi baya. Ka ce layi na da psi 43.5, turbo ya ba da 8. In regileta, mai daidaita matsin fetur a layi, ba ya bin iskar ɗaya-da-ɗaya, abin da ya rage wa injekta 35.5 ne, fesawa ta ragu da kusan kashi 10, daidai lokacin da inji ya fi yunwa. Ƙaramin tiyon da ke kai iska ga regileta in ya tsage ko ya zame, shi ke nan. Ga ragar da ke bakin famfo a cikin tanki tana toshewa, ga rile mai kunna famfon yana daskarewa, ga hawan tudu da rubu'in tanki, fetur ya gudu baya famfo ya sha iska. A sulo duk waɗannan lafiya suke nunawa. Kuma in silinda ɗaya ce ke ta mutuwa, a toshe shiga da fita a hura wa inji psi 5 a ga ko zai riƙe, don sil ɗin ɓangaren kuloci na iya shan iska.

Malam Sani: Psi ɗin nan dai. Ku riƙa faɗa da bar, 43.5 ai bar 3 ne cif, ya fi sauƙin riƙewa.

Usman Kebek: Malam, littafin gyaran nan da psi ya zo, gejin shago ma haka.

Malam Sani: Kuma wa ya ce sunansa babur? Abin da ba shi da taya ko ɗaya?

Garba Mai Sifana: To ka kira shi jirgi.

Alhaji Ɗanlami (mai kula da zaure): To, ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta: an yi ittifaƙi cewa tu-sitirok mai turbo inji ne mai laulayi, wanda ke son kwanciyar hankali ya nemi fo-sitirok kamar yadda Garba ya kawo hujja. Maganar Hajiya ta tsohon fetur ta tabbata. Batun narke ko karye kuwa, Maigida Tanko ya girme mu a aikin nan, a bar shi a narke. Allah ya ba mu alheri.

Usman Kebek: Alhaji, wa da wa suka yi ittifaƙin? Kowa ya san abin da ke ajiye a garejinka.

Injiniya Hadiza: Ranka ya daɗe, shekaru ba sa canza tabon fiston. Duk wanda ya ciro guda ya ɗauko hoton samansa da ɓangaren salansa da na shiga, da filoginsa a gefe, ya turo nan mu karanta.

Oga Bala: Geji fa? Ba wanda zai ce komai a kan geji?